Kara ce ta sa na cire wa 'yata rigar ceto

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da 'yan'uwa mata ke aikowa wannan shafi, yau dai na ce bari in sauke nawa nauyin, ko wata uwa ta tsira daga abin da ya same ni.

A lokacin shekarata talatin da ɗaya, muna zaune a Sevran, kusa da Paris, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya tilo, ina aikin kula da tsofaffi a cikin Paris. Na iya Faransanci, na iya cike takardun ofis, amma a cikin gida ni 'yar Maradi ce ta gidi, kuma abin da na fi taƙama da shi shi ne kara. Dangin miji ba su taɓa samun abin faɗa a kaina ba. Yarinyar 'yar fari ce, kuma takwarar uwar mijina, don haka sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. In surukai na wuri ba na jan ta a jiki, in ta faɗi ma sai in kau da kai in bar wani ya tashe ta. Haka na ga uwata ta yi da yayarmu, ni kuma na ɗauka haka ake zama mutuniyar kirki.

Shekarar da ta cika bakwai, ƙanen mijina da ke Villeurbanne, kusa da Lyon, ya gama karatunsa, Hajiya uwarsu ta zo daga Damagaram don taya shi murna. 'Ya'yanta suka ce ba za ta koma gida ba sai ta ga teku, suka kama mana wuri a irin babban jirgin ruwan nan na yawon hutu da ke yada zango gari gari. Muka kwana biyu a Lyon, muka wuce Marseille muka shiga jirgi, har da ƙanwar mijina da ɗanta mai shekara shida. Ni na san 'yata ba ta iya ruwa ba. Ana kai su wurin koyon iyo daga lakwal, wato makarantarsu, amma malamarsu ta gaya mini har yanzu tana cikin waɗanda ba sa barin inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Shi ya sa kafin mu taso na saya mata rigar ceto mai ruwan lemo, wadda ake ɗaurewa da maɗauri ta ƙirji da tsakanin ƙafafu. Da ubanta ya riƙa cika baki a jirgi wai 'yarsa kifi ce, ban gyara masa zance ba, don ba a gyara wa miji magana gaban uwarsa.

Rana ta uku jirgin ya tsaya a wani tsibiri, aka ce kowa ya dawo kafin la'asar. Bakin ruwan da aka kai mu yana da tutoci da mai tsaro zaune kan doguwar kujera, amma cike yake da mutane kusan tsirara. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska tana ta a'uziyya, ƙanen mijina na tsokanarta wai ta zo ganin teku za ta koma ba ta ga komai ba sai cikin mayafinta. Muka yi dariya, muka yi ta tafiya har muka zagaya wasu duwatsu muka sami wuri ba kowa. Babu wanda ya ce mun baro mai tsaro a baya, ni ma da na lura ban ce ba. Mazan suka ajiye mu suka tafi neman ruwan sha da abinci.

Ina gama ɗaura wa 'yata rigar sai yaron ƙanwar mijina ya fashe da kuka, shi ma ita yake so. Uwarsa ta daka masa tsawa. Wallahi babu wanda ya roƙe ni. Ni da kaina na durƙusa na fara kwance maɗaurin, don ban ga yadda za a yi tawa ta sa, ɗan dangin miji yana kuka ba. 'Yata ta riƙe mini hannu, ta ce mini a hankali da Faransanci tana jin tsoro. Na zare mata ido na ce kada ta ba ni kunya, ai ita ce babba, ta ɗauki tayar roba mai iska da muka zo da ita ta tsaya bakin gaɓa. Na ɗaura wa yaron rigar, na koma na zauna ina ɓare wa Hajiya lemo. In na ɗaga kai yaron nake dubawa, don ɗan wani amana ne. Iska na kaɗawa daga tudu zuwa cikin teku, har muna jin daɗinta.

Ƙanwar mijina ce ta tambaya ina takwarar Hajiya. Na duba, na hango tayar can nesa, ta wuce ƙarshen duwatsun, yarinyar na rungume da ita. Abin da zan faɗa yanzu shi ne ke ƙona mini zuciya har yau. Ban zabura ba. Sai da na fara duban fuskar Hajiya, na ce da murya kwance wai yarinyar nan ta yi nisa. Ina rufe baki igiyar ruwa ta kife tayar, ta taso ba kowa a cikinta. Ban ji ihu ba, ban ga ta ɗaga hannu ba. Kanta kawai ke ɓullowa yana nutsewa, bakinta a buɗe, fuskarta na kallon inda muke.

A nan ne na kwarara ihu da sunanta, na yi ta maimaitawa har muryata ta dishe. Na afka ruwan da doguwar rigata, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Rigar ta sha ruwa ta naɗe mini ƙafafu, ruwa ya kawo mini wuya, na sha na shaƙe, ƙanwar mijina na jan mayafina ta baya tana kuka tana cewa zan mutu. Ina roƙon Allah ya ɗauki raina ya bar nata. Ina kiran taimako da Hausa da Faransanci, babu mai ji, domin mu da ƙafarmu muka guje wa mutane. Ina gani kanta ya nutse bai sake tasowa ba, ga hannuna a miƙe, tsakanina da ita tafiya ce da ba zan taɓa iya yi ba.

Allah ya kawo wata dattijuwar Baturiya da ke zagayo duwatsun a ɗan kwalekwale. Ihun ta ji, ta bi inda nake nunawa, ta faɗa ruwa ta ciro ta. Da aka shimfiɗe ta kan rairayi leɓunanta sun yi baƙi, ba ta motsi. Matar na danna mata ƙirji tana hura mata iska a baki, ni ina rarrafe ina kama ƙafafunta masu sanyi ina cewa ta yafe mini. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ta yi tari, ruwa ya yi ta fita ta baki ta hanci, ta fara kuka.

Kwana biyu muka yi a asibitin tsibirin, jirgi ya tafi ya bar mu. Hajiya ta ƙi shiga jirgin, ta ce ba inda za ta. A bakin gadon yarinyar ta tambaye ni wa ya sa ni cire mata rigar, na ce kara ce. Ta kalle ni ta ce ana kara da tuwo, ana yi da zane, amma ita ba ta taɓa jin inda aka yi kara da rai ba. Wannan bai kai zafin abin da ya biyo baya ba. Bayan mun koma Sevran, ina yi wa 'yata kitso, ta tambaye ni in an sake zuwa ruwa kuma riga ɗaya ce, wa zan ba. Na rungume ta na rantse mata ita zan ba.

'Yan'uwana iyaye, da na sani ƙeya ce. In yaronki bai ƙware a ruwa ba, faɗi a gaban kowa, ko maganar wa za ta ɓaci. Tayar roba abin wasa ce, iska na tafiya da ita. Kada a bar inda mai tsaro yake don neman sutura, kada a cire wa yaro rigar ceto don kukan wani, kuma kada ki ce ai manya na da yawa a wurin, ki tsaya inda hannunki zai kai gare shi, domin mai nutsewa ba ya ihu. Ni Allah ya maido mini tawa, yau shekara biyu, har ta koyi iyo, ni ma na shiga koyo. Amma har gobe in za ta shiga ruwa ubanta take kira ya tsaya mata, ko da ina tsaye a gabanta.