Farar Tsakuwa Don Kabarin Mahaifiyar Neijon

Neijon tana da shekara huɗu aka kwashe su daga tsibirinsu aka jibge su a tsibirin Ebeye, inda mutum ba ya miƙe ƙafa bai taɓa bangon maƙwabci ba. Wai masu sansanin sojan da ke tsibirin Kwajalein za su riƙa harbo makamai masu linzami daga ƙetaren teku, suna faɗawa ruwan da ke tsakanin tsibiran. An ce na ɗan lokaci ne. Yau ga ta da furfura fal ka.

Shekara talatin da ɗaya tana guga a sansanin. Jirgin ruwa na safe ya kai ta, na yamma ya maido ta, don ba a yarda irinta su kwana can ba. Rigunan masu gwajin tauraron ɗan'adam duk ta hannunta suke bi. Ta san dauɗar wuyan kowa, su kuwa ko sunanta ba su iya faɗa ba.

Abu ɗaya mahaifiyarta ta roƙa kafin ta cika. Ranar shida da binnewa dangi kan kawo kwandunan farar tsakuwa su shimfiɗa a kan kabari, a nan makoki ke ƙarewa. Tsohuwa ta ce tata a ɗebo daga gaɓar tsibirinsu, tunda an hana ta kwanciya a can.

Kwana biyu da binne ta aka rufe ruwan da ke tsakanin tsibiran, aka hana kowa bi. Sabon tauraro za a gwada, a ga ko zai hango makami tun daga nesa. Neijon ta je ofishin ba da izini, ta tarar da Tibon, ɗan ƙanenta, a bayan tebur.

"Goggo, ki yi haƙuri, ba ni na rufe ba."

"Kai Tibon, da bakinka? Kakarka, matar da ta goya ka? Abin da ke ganin makami daga sama, kwalekwale ɗaya ne zai gagare shi gani? Awa uku, in je in dawo!"

"Jibi za a buɗe, Goggo."

"Jibin gidanku."

Jibi ta zo, aka ɗaga gwajin, ba a buɗe ruwan ba. Ranar shida Neijon ta durƙusa a gaɓar Ebeye tana tsintar tsakuwa cikin gwangwanaye da fasassun kwalabe. Sau uku ta wanke ta kafin ta shimfiɗa wa uwarta. Takaici ya hana ta kuka.

Ranar goma sha ɗaya gwaji ya yi nasara, aka shigo da kek har ɗakin guga. Wani injiniya ya yanko ya miƙa mata yana washe baki.

"Mama, ci! Yau kowa murna yake."

Jikoki biyar ke ci daga wannan gugar. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce na gode. Wannan godiyar ce ke cin ta har yau.