Inna Mai Kallon Baki da Ɗanta na Hwari

Duk wanda ya san Innarmu a Wurno ya san ba a yi mata magana daga gehe. Tun da kunnuwanta sunka mutu, baki taka kallo ta gane magana. Kana shiga za ta ɗaga sanda: "Juyo nan in ga bakinka!" Jikokinta maza duk sai da ta sa sunka rage gashin baki, wai ba ta iya karatu cikin ciyawa.

Kun tuna ran da limamin unguwa yaz zo gaishe ta? Malam ya sha rawani, amawali ya ruhe baki, shina ta zuba addu'a. Inna ta zuba mishi ido, can tac ce, "Malam, sauke labulen ga. In addu'a kake in ce amin, in tuwo kake tamna in kawo ruwa." Wallahi sai da ya sauke.

Ƙanwata Hadiza ta kai ta asibiti Sakkwato, anka ba ta na'urar ji. Wuni guda ta yi da ita. Ta ji kaji, ta ji injin niƙa, ta ji maƙwabta na hwaɗa kan akuya. La'asar na yi ta zare ta. "Ashe duk wanga haukan kuke sha kullum? Allah ya hutasshe ni, ku maido ni?" Ta naɗe ta a tsumma ta jehwa cikin kwalla.

To ni hwa? Ni ne ɗan hwari. Kun san kunyar mutanen da: shekara sittin Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban huskata ba. "Wancan" taka ce min. Da tana ji, ba damuwa, ina magana daga bakin ƙohwa, tana amsa ma bango. Da ji ya tahi, sai ya zama kowa na hira da uwata, har mai tallan manja, ban da ni. Abin ga ya ci min rai, ba ni ɓoye muku.

Sai Hadiza ta koma tahinta. In hwaɗa mata, ta juya ta motsa ma Inna baki. Nic ce, "Ki ce mata ta bar surhe, ƙarhinta ya ƙare." Inna ta dubi Hadiza tac ce, "Hwaɗa ma wancan, ran da na haihe shi ma sai da na gama surhe."

Shekarar da ruwa ya ci min shinkahwa a hwadamar Goronyo, na zo na iske Hadiza ba ta nan. Na durƙusa bayan Inna na buɗe murya iya ƙarhina ina hwaɗa mata asarar. Jama'a, unguwa duk ta ji! Maƙwabta sunka cika zaure suna yi min jaje. Washegari sai ga aike daga Inna: wai mi ya hana wancan kawo sabuwar shinkahwa, ko rowa ya koya?

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, wata hantsi ta kori kowa daga ɗaki, har Hadiza. Tac ce, "A bar min wancan." Ta nuna inda rana ke shigowa ta taga, na zamna nan. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido.

"La ilaha illallahu! Haka ka tsuhwa? Ina haƙoranka sunka tahi?"

Na yi dariya, ita ma ta yi. Tac ce, "To, yi maganarka, ina kallo."

Shekara tara, tun da jinta ya tahi, ina tara abin da zan hwaɗa mata, amma bakina ya ƙi. Rawa kawai yaka yi. Ta kalle shi, ta kalle shi, sannan ta gyaɗa kai.

"Na gane, Umaru. Ni ma haka."

Allah ya jiƙan Inna, ya yahe mata, ya haskaka makwancinta. Allah ya sa in munka haɗu a Aljanna, ni da ita mu zamna mu yi hirar da ba mu samu yi ba.