Bencin Baya na Malam Filibus

Malam Filibus ya sauka a Alƙahira da kwat ɗin da ya yi aure da shi, da Littafi Mai Tsarki wanda ya lulluɓe bangonsa da ƙyallen atamfa, da kuma tabbacin cewa Allah ne ya aiko shi ya tattaro tumakin da suka watse. Tumakin kuwa mu ne, Hausawa Kirista da neman abinci ya kawo Masar. Yawancinmu mata ne masu aikatau a gidajen Misirawa, sai 'yan maza masu aski da ɗinki. Ikkilisiyarmu ta gida ce ta ji labarin mun daɗe babu mai kula da mu, ta turo shi. Ni na tarbo shi daga filin jirgi, don ni ce babba cikin mata, kuma ni kaɗai ce ba ni da madam da za ta hana ni fita. Tuwo da miyar kuka nake sayar wa ɗalibai a unguwar Hayyin Ashir. Sunana Kande, amma shi tun ranar farko Uwar Zumunta yake kirana.

Kafin ya shiga makarantar Baibul, kafinta ne a wani ƙauye kusa da Malumfashi, kuma hannuwansa ba su taɓa mantawa ba. Ko gaisawa ya zo yi a gidanka, idonsa na kan ƙafar teburinka. Matarsa da yaransa ya baro su a gida. Larabci ko na sayen burodi bai iya ba, sai dai ya nuna da yatsa ya ce "tamam", wato ya yi daidai, ko an cuce shi ko ba a cuce shi ba.

Rigimarmu ta farko da shi a kan ranar Lahadi ce. Na ce masa a ƙasar nan Lahadi ranar aiki ce, Juma'a ake hutu, mu ma ran Juma'a muke taruwa. Ya dube ni kamar na ce a daina baftisma. Ya kafe, ya kama wani falo a unguwar Faisal, ya jera kujerun roba, ya sa sujada ran Lahadi da safe. Makonni ya yi yana wa'azi, daga ni sai fanka, kuma ko ni ɗin rabin hankalina na kan tukunyar da na bari. Ranar da ya gaji, sai ya ce, "Uwar Zumunta, na yi addu'a a kan maganar nan, na ga ashe dukan ranaku na Ubangiji ne." Na ce masa lallai addu'ar ta yi aiki.

Ina yi masa tsiya, amma gaskiya ban taɓa ganin mai naci a ziyara irinsa ba. Da ya ji an ce wance ta daina zuwa, shi ke nan ya sa ta a gaba. Zai hau mikrobas, ƙaramar motar haya, ya ɓata, ya sauka ya sake hawa wata ya sake ɓata. Bawwab, wato maigadin bene, zai kore shi, ya koma gefen titi ya tsaya cikin kwat ɗin nan a tsakar rana har baiwar Allah ta fito zubar da shara. Ba ya faɗa, ba ya tsoratarwa da wuta. Zai ce, "Mun yi kewarki ne, shi ya sa na zo." A haka ya cika falon nan har sai da muka riƙa aron kujeru daga maƙwabta.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, Liyatu. Yarinya ce daga wajen Ƙafur, da can ita ke ja mana waƙa, muryarta har maƙwabtanmu Musulmi sukan leƙo su saurara. Ta daina zuwa tun shekaru kafin Malam ya iso, lokacin da cikinta ya fito. Cikin na wani ɗan Sudan ne mai suna Amjad, ya yi mata alkawarin aure, ya tafi Libiya neman hanyar tsallake teku, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta haifi 'ya mace, ta sa mata sunan da uban ya taɓa cewa yana so, Hadil. Ba wanda ya kori Liyatu daga cikinmu. Ita ta janye jikinta, ta koma wani ɗaki a unguwar Ard al-Liwa, tana wanki da guga a gidaje, tana rainon 'yarta.

Namiji ba ya zuwa ɗakin mace shi kaɗai, saboda haka ni nake raka shi. Zuwanmu na farko ta ƙi buɗe ƙofa. Muna jin motsinta a ciki, muna jin tana ce wa yarinya ta yi shiru. Malam ya tsaya yana kallon ƙofar, sai ya ce da ni a hankali, "Wannan ƙofar ta kusa faɗuwa." Da muka dawo, guduma da kusoshi ya riƙo. Daga waje ya fara gyara, dole ta buɗe don ya ƙarasa. Ranar bai yi mata maganar majami'a ba ko kaɗan. Ya gyara ƙofa, wata ranar taga, wata ranar gadon da ya karye. Hadil, da lokacin ba ta wuce shekara biyar ba, ta manne masa, tana miƙa masa kusa, tana kiransa Jiddo, kamar yadda yaran unguwar ke kiran kakansu. Shi kuma ya riƙa zuwa mata da alewa a aljihun kwat.

An kusa shekara a haka. Wata rana yana tattara kayan aikinsa, Liyatu ta ce, idonta a ƙasa, "Baba, in na zo, za a karɓe ni?"

Ya ce, "'Yata, gidan Ubanki ne. Za mu bi tsari, a karɓe ki da farin ciki."

Ta ce, "To."

A hanyar komawa yana ta rera waƙa a cikin mikrobas, mutane na kallonmu. Ni kuwa kalmar nan ta "tsari" ce ta tsaya mini a rai. Na tambaye shi wane tsari yake nufi. Ya ce ai na sani, horo. A gida, wanda ya faɗi cikin irin wannan zunubi, in ya dawo, akan sanar a gaban jama'a, ya zauna a bencin baya na wasu watanni, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya jan waƙa. In ya cika lokacinsa, a taso shi da guɗa a mayar da shi cikin 'yan'uwa.

Na ce, "Malam, nan ba gida ba ne. A gida mace tana kan bencin baya, amma in an tashi uwarta na nan, yayyenta na nan, da su za ta koma. Wannan wa take da shi? Shekara nawa ta yi tana horon kanta a ɗakin can?"

Ya ce, "Uwar Zumunta, ba ni na kafa ƙa'idar ba. In na ɗage mata, gobe me zan ce wa sauran 'yan matan? Kuma horo ba kora ba ne, ƙofar dawowa ce. Ni da kaina na ga waɗanda suka bi ta nan suka zama dattawa."

"Ka faɗa mata dalla-dalla?"

"'Yar ikkilisiya ce, a ciki ta tashi. Ta sani."

Na yi magana har bakina ya gaji. Mutumin da ya ɗauki makonni kafin ya yarda da Juma'a, ba a mikrobas ɗaya za a juya shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba mugunta ce a ransa ba. Da mugunta ce, da na san yadda zan yi da shi.

Sai dai akwai matsala. Majami'armu falo ne, kujerun roba ne a zagaye, kowa na kallon kowa. Babu gaba, balle baya. Wani zai ɗauka wannan ma ishara ce. Malam Filibus kuwa ya tafi kasuwa ya sayo katako. Ya zauna a baranda ya fere shi, ya goge shi sumul, ya haɗa benci, ya shafa masa fenti mai ƙyalli, har da wurin jingina ya yi masa don kada bayanta ya yi ciwo. Tunda ya zo Masar bai yi aiki mai kyan wannan ba. Ya ajiye shi a bakin ƙofa, inda muke tuɓe takalma.

Ran Juma'ar Liyatu ta zo cikin tsohon zanen zumuntar mata, ta goge shi har yana ɗaukar ido, ta yi wa Hadil kitso. Mata suka tashi da guɗa, aka rungume ta, wasu na kuka. Har ta nufi wata kujera kusa da ni. Sai Malam ya miƙe, ya gyara murya, fuskarsa cike da murna, ya ce 'yar'uwarmu da ta ɓata ta dawo, kuma bisa ga tsarin ikkilisiya za ta kasance ƙarƙashin horo saboda zunubin da kowa ya sani. Ya nuna bencin da hannu biyu.

Yaran wasu mata da suka riga suka ɗare kan sabon bencin, iyayensu suka janyo su, ana raɗa musu cewa ba nasu ba ne. Liyatu ta tsaya jim kaɗan. Ta kama hannun 'yarta, ta ratsa ta tsakiyarmu, ta je ta zauna a cikin takalma. Hadil ta hau kusa da ita tana lilo da ƙafafu, tana shafa fentin, tana murmushi ga Jiddo.

Ban san me aka yi wa'azi a kai ranar ba. Kunya ce ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na kasa ɗaga ido. Waƙa ta ƙi tashi, don kowa ya san wadda ta fi mu murya tana zaune can bakinta a rufe. Aka zagaya da jibi, farantin ya tsaya a kujerar ƙarshe ya juyo. Liyatu ba ta fita ba. Ta zauna har aka yi addu'ar rufewa, ta bi kowa ta gaishe shi, ta durƙusa ta yi wa Malam godiya, ta sa wa 'yarta takalmi suka tafi.

Juma'a ta zagayo, ba ta zo ba. Malam ya ce wataƙila yarinya ce ba ta da lafiya. Wata Juma'ar ya ce wataƙila aiki ne. Daga nan ya daina cewa komai. Matan da ya sha rana kafin ya dawo da su, wasu suka fara ɗauke ƙafa, don kusan kowace tana da abin da ba ta so a sanar a falo. Sai na ga Malam yana ramewa. Ya zo wurin tuwona ya zauna, ya tsoma hannu ya cire, bai ci ba. A wa'azi yakan tsaya a tsakiyar magana, idonsa ya kai bakin ƙofa, ya manta inda yake.

Wata safiya ya same ni ina tankaɗe, ya ce, "Uwar Zumunta, ki raka ni Ard al-Liwa." Ban ce masa ai na faɗa maka ba, ko da yake maganar ta zo mini har bakin leɓe. Bai riƙo guduma ba, bai riƙo Littafi ba.

Liyatu ta buɗe mana ba tare da ɓata lokaci ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo masa kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, ta kawo shayi, ita ta zauna a ƙasa. Da ta yi fushi, da ya fi masa sauƙi. Ya riƙe kofin yana juya shi, ya buɗe baki ya ce, "'Yata..."

Nan Hadil ta shigo a guje daga wasa, ta faɗa jikinsa. Ta ce, "Jiddo! Yaushe za mu koma mu zauna a kujerarmu? Na faɗa wa ƙawata Rim ka yi mana kujera sabuwa, mu kaɗai, ba a bar sauran yara sun hau ba. Ta ce ƙarya nake. Ka faɗa mata gaskiya ne."

Na ga shayi ya zubo wa Malam a wando bai ma sani ba. Liyatu ta ce wa yarinyar, "Yalla, maza je ki kira Rim ɗin." Da yarinyar ta fita, sai Liyatu ta juyo, muryarta a kwance.

Ta ce, "Baba, ni zan iya zama a can. Na yi laifi, ban musa ba, ko shekara aka ce zan zauna. Amma ka ji ta. Ta ɗauka girmama mu aka yi, ni kuma na bar ta a haka. Tana girma. Wata rana za ta tambayi wani a cikinku me ya sa mu kaɗai, a faɗa mata zunubin da kowa ya sani, ta gane ita ce. Ba zan kai ta inda za ta ji wannan ba."

Malam ya ce, da ƙyar, "Zan cire shi. Yau ɗin nan zan farfasa shi."

Ta ce, "Ma'alish, Baba, ka yi haƙuri. Ai an riga an sanar."

Muka ji takun yara a matakala. Hadil ta shigo tana jan hannun ƙawarta, ta tsayar da ita a gaban Malam Filibus, ta ɗora hannu a gwiwarsa, ta ce, "Ga ta. Faɗa mata, Jiddo. Ba don mu ka yi ta ba?"

Ya dubi yarinyar, ya dubi uwar, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Don ku na yi."