Nonon Ladi

Haboba, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai ta hura gawayi a kanun, ɗan murhunta na ƙarfe, don gahawarta. Da an idar da magariba muke zagaye ta a tsakar gidanmu na Omdurman, hayaƙi na shiga mana ido, muna amsa mata rabi da Hausa rabi da Larabci, tana zaginmu a kan haka. Yawanci labarin gizo ne da kura. Amma ranar da na dawo daga makaranta ina kuka, ba su ta ɗauko ba.

Nahla ce ta sa ni kukan, 'yar gidan da Ummata take yi wa wanki. A gaban 'yan aji ta fizge moɗar randa daga hannuna, ta ce khadim ba ta sha inda mutane ke sha. Baiwa ke nan. Malama ta ji, ta kau da kai. Na rantse ba zan koma ba.

Haboba ba ta lallashe ni ba. "Share majinar nan ki zauna," ta ce. Ko buɗe tatsuniyar ba ta yi ba yadda ta saba, kawai ta shiga.

Wai wata Ladi ce ta taso daga Kano a ƙafa cikin ayarin mahajjata, da goyo a bayanta. Kusa da kogi aka kama ta, aka sayar wa wani babban gida a bakin Nilu. Mutanen gidan ba sa aure sai a junansu, ɗan wa da 'yar ƙani, don kada jini ya gauraya, kada gona ta rabu. Da suka ga tana da nono sai suka ɗora mata ɗan maigida, nata jaririn aka riƙa ɗura masa ruwan gero har ya mutu. Ladi ba ta yi kuka a gabansu ba. Daga ranar duk jaririn da ya tsanyara a gidan, namiji ko mace, ita ce mai saurin ɗauka. Iyayen suna murna, sun sami hutu.

Shekaru suka tura. Aka sa ranar auren magajin gida da 'yar baffansa, an sha lalle, malami ya zauna zai ɗaura. Nan Haboba ta miƙe zaune, ta sa hannu a ƙirji. "Sai ga Ladi daga madafa, ƙullun wainar kisra a hannunta. Ta ce, Malam, yaushe aka fara ɗaura wa yaya da ƙanwa aure? Nonon nan suka sha, su biyun. Su da duk sa'anninsu na gidan nan. A tambayi tsofaffin matanku!" Tsofaffin suka sunkuyar da kai. Malami ya kaɗe rigarsa ya tashi. Dole suka fita waje neman aure, gona ta rabu, gida ya watse.

"Ba su doke ta ba?" na tambaya.

"Suka doke ta mana! Ana dukan tana dariya."

Na ce da gaske an yi? Ta zuba gahawarta, ta ce, "Ƙarya ce, ni na shirya. Amma an yi Ladi sun fi gashin kanki yawa, kuma ba a bar ko ɗaya ta yi magana ba. To mu sai mu yi musu baki." Kashegari na koma makaranta, na sha ruwa a moɗar ina kallon tsakar idon Nahla.

Haboba ta daɗe da rasuwa lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum. 'Yan unguwarmu da na su Nahla muka taru a makaranta ɗaya muna fakewa, ni da goyon 'yata Safiya. Nahla ma da jariri, amma tsoro ya ƙafar mata da nono, madarar gwangwani kuwa babu. Yaron har muryarsa ta fara dishewa. Uwarta, Hajja, wadda ta ware wa Ummata kofi na dabam tsawon shekaru, ita ta zo ta durƙusa a gabana. "Ya bitti, 'yata, don Allah."

Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaron ba shi da laifi, kuma ko ba sharaɗi da zan ba shi. Amma na ce a fara kiran mazan gidansu da limamin da ke tare da mu. Suka zo. Na ce Hajja ta faɗa da bakinta, a ji, wace ce ni a wurin jikanta.

Ta haɗiye yawu. "Uwarsa ce."

"Safiya fa?"

"'Yar'uwarsa ce."

Sannan na karɓe shi na juya baya. Ya kama da ƙarfi, har na ji zafi. Nahla tana tsaye tana hawaye, ta miƙo mini ruwa a kofinta. Na shanye tas, na ce ta ƙaro.