Ranar da Wadi Ya Tafi da Tukunyata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka kai ni jeji kallon duwatsu ba. Farkon shekarun tamanin ne, lokacin sanyi. Ina aikin girki a ƙasa mai tsarki, a wani ƙaramin ofishi a unguwar Harra ta Yamma, masu hidimar baƙi 'yan ziyara. Mudir ne a sama, shi ne mai ofis. Ƙarƙashinsa mushrif, mai raka baƙi, shi ke rubuta rahoto in an dawo. Sai direba, sai ni mai tukunya, wadda ba a tambayarta komai sai "ya nuna?"

Mushrif ɗinmu Ustaz Lawal ne, Bakano, sabon gama jami'a. Shi ya kawo dabarar a kwashi malamai shida da suka zo daga gida a kai su wani wadi, wato kwari tsakanin duwatsu, can gaba da Uhudu, wai su taka da ƙafa su yi tafakkuri. Ni da na tako daga Abeshe har bakin teku ina yarinya, yau ga maza da gemu suna roƙo a kai su su gaji!

Amma gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi kyau. Duwatsu ja da baƙi tsaye hagu da dama kamar an yanka su da wuƙa, ƙasa yashi fari tas, in ka yi magana dutse ya mayar maka. Ni kaina sai da na yi tasbihi. Malamai suka nausa ciki da takalma sau-ciki, kowane taku "Masha Allah", kowane taku goma "da sauran nisa?"

Ustaz ya sa aka ajiye mota a tsakiyar kwarin, nan na hura wuta. Bayan azahar suka dawo suna huci, suka tuɓe takalma suka baje a tabarma. Ina ɗaga kai na ga tarkacen itace maƙale a reshen wata ƙaya, sama da tsayina. Ba iska ke ɗora wannan ba. Can kan duwatsun da kwarin ya fito kuma, hadari ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Ustaz, a kwashe kaya a hau tudu. Ruwa na zuwa."

"Haba inna, wane ruwa? Ga rana ƙwal a kanki! Ke da bara kika fara alif da ba, har kin kai babin taurari?"

Malamai suka kwashe da dariya. Gaskiya ne, a lokacin nake zuwa makarantar manya da yamma, da shekara arba'in a kaina.

"Ruwan wadi ba ya sallama, ɗana. A can ake yinsa, a nan yake kisa."

Ya haɗe rai. "In kin taɓa kaya ba izinina, gobe ki nemi wani aikin."

'Ya'ya uku nake ciyarwa da aikin nan, ba miji. Na dubi direbanmu Adam, mutumin Cadi ne, shi ma ya san jeji. Ya dubi hadarin, ya tada mota. Ni kuwa na san malami ba ya bin shawarar mai girki, amma yana bin abin da ta girka. Na sungumi farantin gasasshen rago na faɗa mota, muka haye tudu. Tukunyar shinkafa ta yi nauyi, na bar ta a wuta.

Jama'a, ku zo ku ga tafakkuri! Mutanen da ɗazu ke cewa gwiwa ta ƙi, ga su suna hawan dutse ba takalmi, Ustaz a gaba yana ihu, "Wallahi kin kori kanki!"

Bai rufe baki ba muka ji rugugi. Ruwa ja kamar kunun kanwa ya cika kwarin baki da baki, da itace da duwatsu. Tabarma, takalma, tukunyata, duk ya tafi da su. Ba wanda ya ƙara cewa Masha Allah, sai salati.

Kashegari a gaban mudir, Ustaz ya miƙo mini rahoto da tawada in dangwala yatsa, kamar kullum. Na ce ya dakata. Na ɗora yatsa a kan layin farko na fara haɗa baƙi, da ƙarfi, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wai mushrif ne ya hango alamar ruwa ya ba da umarni, mai girki kuwa sakacinta ya ɓatar da tukunya.

Mudir ya juya. "Ya Adam, me ka gani?"

"Wallahi ya mudir, ni dai na ga Ustaz yana bin rago a guje."

Mudir ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce a sake rubutawa. A ƙasan sabon rahoton ban dangwala yatsa ba. Na karɓi alƙalamin Ustaz na rubuta Kaltume, a karkace, amma da hannuna.

To ku 'yan baya, ga abin da na koya. A aikin nan, wanda ya ga ruwa daban, wanda ke rubuta cewa ya gani daban. In kun shiga wadi ku yaba kyansa, amma ku ɗaga kai ku dubi rassa. In an miƙo muku takarda, ku karanta kafin ku taɓa tawada. Ustaz Lawal ya ƙara shekara biyu da mu, bai sake tambayata inda na kai a karatu ba.