Takardar da Na Ciro Daga Ƙarƙashin Katifar Rabi

Ban taɓa mantawa da ranar da kwamitin ladabtarwa ya zauna kan Rabi ba, shekara biyu bayan an ba mu jiha. A ofis akwai Hajiya shugabar makaranta, da mataimakinta Malam Sani, da Misis Agnes mai koyar da Turanci, da Rabi 'yar aji shida a durƙushe, da mahaifinta da ya hawo mashin tun daga Tsafe, sai ni, mai kula da ɗakunan kwanan 'yan mata.

Aikina ido ne. Duk Asabar nakan bi ɗakuna, in ɗaga katifa, in buɗe akwati. Ban yi boko ba, don haka duk rubutun da ban yarda da shi ba, ƙa'ida ita ce in miƙa ofis. Haka na miƙa wata takarda mai zanen fure a gefe. Malam Sani ya ce wasiƙar saurayi ce. Hukuncinta kora, ga jarrabawar fita saura wata biyu.

Ya miƙe yana karantawa da Turanci, yana fassara wa uban. Bawan Allah ya sunkuyar da kai. Rabi na kuka tana cewa waƙa ce ta kwafa, Malam Sani ya daka mata tsawa.

Ni kuwa kunnena ya kama. Abin nan ne da 'yan matan ke rerawa wurin wanki, wata uku ina fama da su a kai.

Na ce, "Malam, waƙa ce."

Ya ce, "Inna Kulu, ke da ko gaisuwa ba ki iya da Turanci ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gyara mayafi, na ɗauko daga inda ya tsaya, na rera masa har ƙarshe, ban san ma'anar kalma ɗaya ba. Yana bin takarda da yatsa, yatsan ya ƙare tare da ni.

Sai Misis Agnes ta ce a hankali, "Da ita aka yi rawa ranar bikina."

Na juyo. "Kin san ta, kika yi shiru ana shirin korar ɗiyar mutane?"

Ta ce ba a tambaye ta ba. Ba a tambaye ta ba!

Hajiya ta soke korar. Cikinsu babu wanda ya ba uban haƙuri. Ni na bi shi har bakin ƙofa na ba shi, domin hannuna ne ya ɗaga katifar.

Shi ya sa nake gaya wa sabbin ma'aikata: kafin ki kai takarda ofis, ki saurari mai ita. Na ofis takarda suka sani, mu ne muka san yaran.

Washegarin zaman kwamitin da safe na shiga bayan kicin, na zaro rediyon da 'yan matan ke jin waƙoƙi da shi, suna ɓoyewa cikin tsohuwar tukunya, na kulle a akwatina har hutu. Na miƙa wa Rabi tsintsiya, shara ta mako guda.

Ta ce, "Inna, ashe kina da murya."

Na ce, "Share nan."