Bindiga Mai Kunne Biyu

Duk Samaru babu wanda zai ce ya taɓa ganin Malam Uba ya miƙa wa mutum abu da hannun hagu. Shekararsa sittin da uku, da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa, da dama yake karɓar goro. Amma bahago ne tun haihuwa, kuma ya fi tsare wannan sirri fiye da lambar katinsa na banki.

Yayarsa Halimatussa'adiya ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ce take ɗaure masa hannun hagu da ɗankwali lokacin cin abinci, in ya zaro shi ta ƙwala masa muciya. Hannun dama ya koyi ladabi. Na hagu kuwa sai ya koyi aiki a ɓoye, kuma gaskiya ya fi ɗan'uwansa iya komai.

Shekara goma sha ɗaya Malam Uba ya yi yana kula da kajin Malama Tabitha, malamar firamare da ta yi ritaya ta kama kiwo a bayan gidanta, a hanyar Bomo. Kajin a sake suke yawo cikin fili, don masu saye sun ce naman kazar keji ba ya da ɗanɗano. Abokiyar gabarsa ɗaya ce, shirwa. Da ta kawo kai sai ya duba gabas da yamma, in ba kowa, ya sakar mata dutse da hagu. A shekarun nan duka 'yan tsaki huɗu kawai ta ci, kuma ranakun duk akwai baƙi a gidan.

Sai aka gina bene mai ɗakunan haya na ɗalibai a jikin katangar. Taga goma sha biyu, kowace da idanu a ciki, safe da yamma. Dole Malam Uba ya koma jifa da dama. Jifan farko ya fasa tulun ruwan kaji. Na biyu ya sami zakaran da ake son karewa. Shirwa ta gane an yi sauyin gwamnati, ta riƙa zuwa sau biyu a rana kamar mai shan magani.

"Malam Uba," in ji Malama Tabitha, "in wata ya ƙare a haka, raga zan sa a rufe filin nan gaba ɗaya. In an sa raga kuma, ka ga ba sauran aikin gadi."

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Ya san kowace kaza da halinta, kuma bai san inda zai riƙa zuwa da safe ba in aka sallame shi.

Eric, ɗan Malama Tabitha, ya so ya taimaka, ya kawo bindigar iska daga Legas, baƙa, doguwa, mai ƙananan harsasai kamar ƙwayar dawa. Malam Uba ya yi murna, don a lissafinsa babu ɗalibin da ya san kafaɗar da ake ɗora wa bindiga. Sai dai kafin kowane harbi akwai mariƙin da ake ja baya a ɗana ta, kuma a gefen dama aka sa shi. Kafin ya sauke ta daga kafaɗar hagu, ya juya ta, ya lallaɓi hannun dama ya ja, shirwa ta kai Bomo ta gama kalaci. Eric ya nuna masa hoto a waya, irin mariƙi mai kunne biyu da ake sayarwa a ƙasashen waje, a ja ta dama ko ta hagu. Aka buga masa hoton a takarda, ya naɗe bindigar a buhu ya hau keke sai Sabon Gari.

Mai waldar da ya nufa, Uzodinma, haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasu. Matsalar ita ce bencin ƙofar shagon. Tsofaffi ne ke zama a kai, kuma a tsakiyarsu akwai Alhaji Muntasir, wanda ya yi karatu a zauren mahaifin Malam Uba.

Uzodinma ya dubi hoton ya ce, "Baba, da wane hannu kake aiki?"

"Da dama mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"To kunnen hagun na wane ne?"

Malam Uba ya ji idon Alhaji Muntasir a ƙeyarsa. "Na baƙo ne," ya ce. "Ina da wani baƙo bahago, yakan taya ni gadi."

Tunda na baƙo ne, Uzodinma bai wahalar da kansa ba. Ya yanko wutsiyar ƙaramin cokalin shayi ya liƙa a hagu. Ja ɗaya aka yi masa ya lanƙwashe.

Bayan kwana biyu Malam Uba ya dawo ya ce baƙo ya ce ya yi ƙanƙanta. Aka sa kan famfo. Baƙo ya ce yana cizon yatsa. Aka sa mariƙin durowa, baƙo ya ce yana santsi. Kafin zuwa na huɗu baƙon ya sami suna, Suhail, ya sami gona a Bomo da mata biyu da ciwon gwiwa, don tsofaffin benci ba sa barin tambaya, shi kuma Malam Uba ba ya iya cewa bai sani ba. Alhaji Muntasir ya ce kamar ya san mahaifin mutumin. Har ya ba da ƙullin maganin gwiwa a kai masa.

"Baba, ka kawo shi in auna hannunsa mu huta," in ji Uzodinma.

"Ba ya son shiga mutane. Amma hannunsa daidai da nawa ne."

Uzodinma ya kama hannun hagun Malam Uba don awo. Ya ga kanta a tafin, ya ga damtsen ya kusa ninka na dama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Lallai baƙon nan yana aiki." Ya ciro birkin babur guda biyu ya liƙa dama da hagu, manya, daidai wa daida, don kada baƙo ya ce an nuna bambanci. Bindiga ta fito da ƙaho kamar saniya.

Ranar ashirin da tara ga wata Halimatussa'adiya ta zo da kanta zaɓen kaza don sunan jikarta. Ta haura tamanin, amma idonta garau. Aka shimfiɗa mata tabarma kusa da Malama Tabitha. Ranar Asabar ce, tagogin bene duk cike.

Shirwa ta sauko. Malam Uba ya ɗaga bindiga. Hannun hagu ya kai wa birkinsa cafka, don dominsa aka yi. Hannun dama kuwa, ganin Yaya na zaune, shi ma ya yi wuf ya kama nasa don kada a ce ba shi da tarbiyya. Duka biyun suka ja a tare, babu wanda ya rage ya riƙe bindigar. Ta sulluɓe ta faɗo masa a kan babban yatsan ƙafa.

Shirwa ta riga ta ɗauki ɗan tsako ta yi sama. Malam Uba bai yi shawara da kowa ba. Dutse ya tashi, ya sami shirwa a fiffike, ta saki ɗan tsakon ya faɗo cikin kwandon dusa yana kuka, lafiya lau. Ɗalibai suka ɗauki tafi. Malama Tabitha ta ce zancen raga ya mutu.

Shi dai bai ji daɗin komai ba. Yana tsaye da hannun hagu a sama, kowa ya gani, kunya ta rufe shi kamar yaro ɗan shekara shida.

"Uba," in ji Yaya, "da wane hannu ka yi jifan nan?"

"Da hagu, Yaya."

"Ashe bai bar ka ba."

"Bai bar ni ba. Na yi iya ƙoƙarina."

Tsohuwa ta gyara bakin zanenta. "Ɗankwalin da na riƙa ɗaure ka da shi," ta ce, "da shi Inna ta ɗaure ni. Kai ba ka taɓa tambayar abin da ya sa nake rufe ƙofar madafi in zan tuƙa tuwo ba?"

Malam Uba ya tsaya yana tuno muciyar nan da ta sha sauka a kansa. Shekara hamsin da bakwai yana tuna zafinta, bai taɓa tuna hannun da ke riƙe da ita ba sai yau.

"Kamo mini waccan jar," in ji ta. "Kuma ka miƙo da wanda ya kama ta. Na gaji."

Ya kamo kazar ya miƙa mata da hagu. Da hagu ta karɓa.